Ka Raka Ni, Ka Tafi

Ku matso kusa, don yau cikin zumuɗi nake rubutu a wayar nan, in kun ga na tsallake harafi ku yi mini uzuri. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, ni ce autar gidanmu, wadda babban wana ya laƙaba wa suna Zalɓe tun ina firamare, wai saboda dogon wuya da son tsayuwa a bakin ruwa. Sunan ya bi ni har Baba ma da shi yake kirana. Ranakun aiki ina wani shagon hoto a bakin kasuwa, ina ce wa mutane "ɗaga haɓa, kar ka ƙifta" ina ɗaukar su hoton fasfo. Ranakun hutu kuwa ina bayan gari da kyamarata, ina bin tsuntsaye da furanni. Aikin shago don abin sawa a baki nake yin sa. Na bayan garin shi ne abin da na fi so a duniya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

To Gwaggo, yayar Baba, ta kawo mini manemi. Ɗan aminiyarta ne, yana da makarantar koyon tuƙi, da 'yan motocinsa da ɗan ofis mai fanka. Baba ba ya tilasta wa kowa, amma ya ce ya gaji da jin "ina tunani", yana son e ko a'a kafin hutun ƙarshen makon nan ya wuce. Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Da kunnena na ji Gwaggo a waya tana ce wa mahaifiyarsa, "Ai wannan yawon dajin ƙuruciya ce kawai, tana shiga ɗakinta za ta jingine kyamarar, ni na yi miki alkawari." Ta yi alkawari da kyamarata ba ta ko tambaye ni ba. Tun ranar, duk lokacin da na kalli mutumin sai in hango kyamarar a saman sif an tura ta bayan akwatuna.

Kar ku ce ko mummuna ne. Wallahi ba shi da makusa: dogo, baƙi, gemu a gyare, riga kullum a goge. Matsalarsa baki. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, tsakanin gaisuwa da shan ruwa na san yadda kuloci yake aiki, na san dalilin da ya sa mata suka fi maza kunna sigina, na san labarin wani dattijo da ya shekara yana koyon ribas har ya rushe masa katangar ofis. Ni "uhm" kawai na samu na ce. Yana fita na ajiye lambarsa da sunan Rediyo, kuma da shi za ku san shi a nan.

Ana cikin haka na gano gauraka. Bayan tsohuwar gadar jirgin ƙasa, inda gidaje suke ƙarewa, akwai wata fadama da bado ya rufe rabinta. In ka je da sassafe furanninsa farare tas suna buɗe har iya ganinka. A tsakiyar doguwar ciyawar wurin na hango wani kai mai tukku ruwan zinare ya ɗago, ya sake nutsewa, saura kaɗan in zauna a cikin laka don murna. Su biyu ne, mace da namiji, sun tattake ciyawa sun yi sheƙa, ga ƙwai biyu a ciki. A guruf ɗinmu na masu hoton tsuntsaye ba wanda ya taɓa ganin sheƙar gauraka a kusa da garin nan, kuma ban faɗa wa kowa wurin ba, don na san halin mutanena, gobe za su cika fadamar. Na kafa 'yar rumfa ta buhu da kara can nesa, duk zuwa ina matso da ita kaɗan, har suka saba da ita suka daina kallonta.

Sai dai aikin nan yana da ƙa'ida, bari in faɗa muku don ku gane abin da ya biyo baya. In ka shiga rumfa kai kaɗai, tsuntsu ya ga shigarka bai ga fitarka ba, ba zai dawo kan ƙwansa ba, ƙwan ya lalace a banza saboda hotonka. Shi ya sa ake zuwa da ɗan rakiya. Ku taho tare a fili, kai ka shige, shi ya juya ya tafi tsuntsun yana kallonsa. Tsuntsu bai iya ƙirga ba. Ya ga mutane sun zo, ya ga an tafi, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Haka ma wajen fita: sai ɗan rakiyar ya dawo a fili, tsuntsun ya ja baya da kansa, sannan ka fito ku tafi tare. In ka ɓullo kai kaɗai ya gane akwai mutum a cikin buhun nan, ba zai ƙara yarda da shi ba.

Matar wana ce take raka ni, to cikinta ya tsufa, likita ya ce ta zauna a gida. Baba ya ce ba inda zan je ni kaɗai. Ga shi zuwanmu na ƙarshe na ga uwar tana ta sunkuyawa tana kara kai kusa da ƙwan kamar mai sauraro, alamar ƙyanƙyasa ta matso. 'Ya'yan gauraka kuwa ba sa zaman sheƙa, suna bushewa suke bin iyayensu cikin ciyawa, in ka rasa ranar sai kuma baɗi.

Ina zaune a tsakar gida da yamma ina goge gilashin kyamara kamar in yi kuka, sai saƙon Rediyo ya shigo.

"Ranki ya daɗe, gobe ba ni da ɗalibi. In zo mu gaisa?"

Na kalli saƙon, na kalli kyamara, sai wata dabara ta faɗo mini. Na rubuta, "Ka iya rakiya?"

"Rakiya ai sana'ata ce, kullum a gefen wani nake zaune. Ina za mu?"

"Bayan gari. Za ka raka ni wani wuri, ka juya ka tafi, kar ka dawo sai na aiko maka."

Ya jima yana rubutawa yana gogewa, ina ganin alamar tana zuwa tana ɓacewa. Can ya turo, "Wannan kora ce ko aiki?"

"Aiki ne."

"To na karɓa. Me zan sa?"

Na yi dariya ni kaɗai har Mama ta leƙo daga kicin. Gaskiyar magana ba rakiya kawai nake nema ba. Na ce a raina, mutumin da zai iya bari na da aikina na safiya ɗaya bai tsoma baki ba, wataƙila zai iya bari na da shi har gaba. In kuma ya kasa, na samu amsar da zan ba Baba. Baba ya amince bisa sharaɗin mu tafi da babba, nan take Gwaggo ta ce ita za ta je, ta ga wannan dajin da ya hana 'yar ƙanenta aure.

Da asuba na fito daga wanka na tarar Mama ta shimfiɗa mini doguwar riga ja mai duwatsu a kan gado, da mayafi mai ƙyalli, da kwalbar turaren nan nata da ba ta ɗiga wa kowa.

"Mama, fadama fa za ni."

"Da wa za ki?"

"Gauraka tana hango jan nan tun daga gada, ba za ta zauna ba."

"Gaurakar ce za ta aure ki?"

Da ƙyar na lallaɓa ta. Na sa tsohon wandon wana mai kalar ƙasa, da hijabina da ya koɗe har ba a san asalin kalarsa ba, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Mama ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in yaron nan ya gan ni haka bai gudu ba, to ko dai ba ya gani sosai ko kuma ya yi nisa. Sai ga Gwaggo ta iso cikin leshi ruwan ɗorawa, awarwaro a hannu biyu suna ta ƙara, takalmi mai tsini, jaka mai sarƙa. Na buɗe baki, Mama ta harare ni, na mayar da shi na rufe.

Rediyo ya zo da riga toka-toka da hular hana-sallah, ya ce ya zazzage sif ɗinsa duka, wannan ce ta fi kama da daji. Motar koyo ya zo da ita, mai jan alama gaba da baya, mai birki biyu. Gwaggo ta ce gaba za ta zauna saboda ciwon gwiwa, ba ta san akwai birki a ƙarƙashin ƙafarta ba. Duk ramin da ta hango sai ta miƙe ƙafa don tsoro, motar ta tsaya cak, mu yi gaba mu dawo, ni ina baya na rungume jakar kyamara.

"Gwaggo, kina da ƙafar direba," in ji shi. "Wasu sai sun yi wata a hannuna ba su samu wannan saurin ba."

Ta ce ya kiyaye ta, amma ta madubi na ga tana danne murmushi.

A ƙarƙashin gada muka ajiye motar, muka shiga ciyawa a ƙafa. Shi ya ɗauki ƙafafun da ake ɗora kyamara a kai ya saɓa a kafaɗa, yana ba mu labarin wata ɗalibarsa da take rufe ido in babbar mota ta taho. Ban hana shi ba, don a nan ne kaɗai surutunsa yake da amfani, dama so nake gauraka ta ji zuwanmu. Takalmin Gwaggo ɗaya ya maƙale a laka, ta zaro shi ta riƙe a hannu tana ɗingishi tana ambaton sunayen duk waɗanda suka ɓata ni da shagwaɓa. Muna kawowa kusa sai gaurakar ta miƙe daga kan sheƙa, doguwa, baƙa, fukafukai farare, kunci ja da fari, tukkun nan yana ɗaukar hasken safiya. Ta taka a hankali ta shige ciyawa tana waiwayenmu. Rediyo ya tsaya a tsakiyar jimla, baki buɗe.

"Wannan a garin nan take zaune?" ya tambaya da ƙaramar murya.

"Tun kafin mu," na ce.

A bakin rumfa na kafa kayana, na juyo na yi musu bayani. "Yanzu ku juya. Ku tafi a fili, kar ku waiwayo, ku yi ta magana har mota. Kar a yi hon, kar a ƙwala mini kira. Malam, kar ka dawo sai ka ga saƙona, ko da rana ta yi tsaka."

"Mu bar ki a cikin buhu?" in ji Gwaggo.

"Tsuntsu bai iya ƙirga ba, Gwaggo. In gaurakar ta ga kun tafi za ta ɗauka duka muka tafi."

"Ita ba ta iya ƙirga ba, ni na iya. Mu uku muka zo."

Rediyo ya matso. Ya leƙa cikin rumfar, ya bubbuga ƙasan da sanda ko akwai maciji, ya ajiye mini gorar ruwansa a gefe. Sannan ya karɓi jakar Gwaggo da takalmin nan mai laka, ya ce, "Sai na ga saƙonki." Na shige na saki buhun ƙofa. Ina jin muryarsa tana yin nisa, yana ba Gwaggo haƙuri yana haɗawa da labarin tayar da ta taɓa fashe masa a kan gada.

Na sa wayata a shiru, na cusa ta can ƙasan jaka saboda haskenta, na kafa ido a kyamara. Wanda bai taɓa zaman rumfa ba ba zai gane ba. Sauro yana cizonka ba ka da ikon marin sa, gumi yana bin bayanka, ƙafarka ta mutu, amma duniya tana dawowa daidai a gabanka kamar ba ka nan. Ƙudan zuma suka fara shiga furannin bado suna fitowa da gari a ƙafa. Wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu ya zo yana taka ganyen badon ɗaya bayan ɗaya ba ya nutsewa, na ɗauke shi. Balbelu suka sauka a gefe suna ta ƙananan faɗansu. Ni dai idona yana kan ƙwai biyun nan.

Sai ga ta. Ta ɓullo daga ciyawa, ta miƙe wuya ta kalli hanyar da su Gwaggo suka bi, ta daɗe tana kallo. Ta juyo ta kalli rumfata. Sai ta kau da kai kamar ta ga tarin yayi, ta tako zuwa sheƙa, ta sunkuya ta juya ƙwai ɗaya da baki. Jama'a, akwai huda a jikinsa. Wata 'yar huda ƙarama, da wani ɗan baki yana motsi a ciki. Na danne bakina da gefen hijabi don kar ihu ya ƙwace mini.

Ba sauri ake ƙyanƙyasa ba. Ɗan ya buga, ya huta, ya sake bugawa, uwar tana yi masa wani gurnani ƙasa-ƙasa da ban taɓa jin tsuntsu ya yi ba. Uban ya sauko ya tsaya a bayanta yana gadi. A hankali tsagar ta zagaye ƙwan, ɓawon ya rabu, wani jiƙaƙƙen abu ya zubo a kan ciyawa, duk wuya da ƙafa, ya kwanta kamar ba rai. Na ce shi ke nan ya mutu, hawaye ya cika mini ido. Sai ya ɗaga kai. Rana ta busar da shi ina kallo, gashinsa ya tashi ya zama laushi ruwan ƙasa-ƙasa, ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya yana tangaɗi. Uwar ta sauko da kanta ƙasa gaba ɗaya, har tukkun zinaren nan ya zama rumfa a kansa, ta taɓa ɗan bakinsa da nata, ga fararen furanni a bayansu. Na danna, na sake dannawa, ina kuka ina dariya ba sauti. Tun da na fara riƙe kyamara ban taɓa yin farin ciki irin na lokacin nan ba.

Daga nan ƙwai na biyu ya fara motsi, ni kuwa na manta da cewa akwai wasu mutane a duniya. Ban farga ba sai da na ga furannin bado sun tsuke bakinsu, inuwa ta gudu daga gefen rumfa, batir yana ƙifta mini jan ido. Na lalubo wayar a ƙasan jaka, na tarar da kiran Gwaggo jere, da na Mama, har da na wana. Sai kuma saƙonnin Rediyo, na fara karantawa daga sama.

"Mun iso mota lafiya. Kar ki amsa, rahoto kawai nake ba ki."

"Na wanke wa Gwaggo takalmi. Ta ce ban iya ba."

"Na hau saman gada, ina hango kan rumfarki. Ba abin da ya nufo ki sai shanu biyu, su ma sun canza hanya."

"Gwaggo ta ce in je in ɗauko ki. Na ce kin ce sai kin aiko."

"Ta kai hannu kan hon. Na rufe shi da hannu biyu ina roƙonta. Ban taɓa roƙon mutum irin haka ba, ko jami'in hanya."

"Labaraina sun kusa ƙarewa, na koma kan na yarinta."

"Ta daina yi mini magana. Har yanzu ina hango ki, komai lafiya."

Na ƙarshen gajere ne: "Ki gama a nutse, ina nan."

Na sake karanta shi. Na rubuta masa, "Ka zo."

Ta ramin buhu na hango shi ya taho, a miƙe, a fili, yadda na ce. Gwaggo ta ƙi sake shiga laka, tana tsaye a saman gada cikin leshinta tana kallonmu hannu a ƙugu. Da yake ba shi da abokin hira, kuma ya tuna dole gauraka ta ji zuwansa, sai ya taho yana karanto dokokin hanya da ƙarfi shi kaɗai: a duba madubi kafin a juya, a ba na hagu hanya a shataletale, ba a tsere a kwana. Gaurakin suka ɗaga kai, suka sa ɗansu a tsakiya suka janye cikin ciyawa a hankali, ba tashi ba firgita. Na fito, ƙafata da ta mutu ta ƙi ɗaukata, ya yi sauri ya miƙo mini sandar hannunsa na kama. Muka haɗa kaya muka bar wurin da wuri don uwar ta koma kan ɗaya ƙwan.

Sai da muka yi nisa na tsaya na kunna masa hoton a bayan kyamara. Ya kare hasken rana da hularsa, ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya bushe har ya tsage, sai a lokacin na tuna gorar ruwansa tana wurina.

"Ke kika yi wannan?"

"Gauraka ce ta yi, ni dai ina wurin. Malam, ka yi haƙuri, wallahi mantawa na yi da ku."

"Ai kin ce ko da rana ta yi tsaka. Ta yi ɗin." Ya sake kallon hoton, ya kalle ni, da laka a haɓata da cizon sauro a goshi. "Duk zuwan da nake yi gidanku ban taɓa ganin fuskarki a sake haka ba."

Ba zan ɓoye muku ba, a nan cikin ciyawa, da takalmin roba a ƙafata, na san ina son mutumin nan.

A mota Gwaggo ta koma baya ta zauna. Na nuna mata hoton, ta kau da kai ta kalli taga. Yana tsayawa a ƙofar gida ta fice ba ko sallama, na bi ta da gudu da jakata, na ce masa sai mun yi waya. A falo Baba yana zaune da tabarau da jarida, Mama tana tsaye da waya a hannu, ga alama ta zagaye falon har ta gaji. Gwaggo ba ta ko zauna ba.

"Ni na kawo yaron nan, to ni na janye shi," ta ce wa Baba. "Wannan ba miji ba ne. Yarinya ta ce masa zauna, ya zauna tun safe har azahar. Na ce tashi ka ɗauko ta, ya ce wai ba ta aiko ba. Ni, sa'ar uwarsa, zan danna hon ya rufe da hannu biyu yana ce mini tsuntsu zai firgita. In ya aure ta sai dai ya ƙare a riƙon jaka a bakin fadama. Na yi wa uwarsa alkawarin yarinyar nan za ta nutsu, ashe ɗan nata ne zai ƙara mata hauka."

"Yaya, ki zauna ki sha ruwa," in ji Baba.

"Ba na sha. Akwai ɗan wata ƙawar tawa, ma'aikacin banki, ba ya ɗaukar raini. Shi ne daidai da ita, sati ɗaya zai sa ta manta hanyar daji."

Baba ya ninke jarida, ya dube ni ta saman tabarau. "To Zalɓe, dama ke ce kike ta ja da baya. Ga shi wadda ta kawo maganar ta janye. Shi ke nan an rufe?"

Na san yadda ya kamata in yi. In sunkuyar da kai, in wasa da gefen hijabi, in bari Mama ta zo ɗaki daga baya ta tambaye ni a hankali. Amma na ji kamar ana zare mini wani abu daga hannu, kafin in yi shawara da kunyata bakina ya riga ni.

"Baba, ni shi nake so."

Mama ta zauna a hannun kujera. Gwaggo ta juyo gaba ɗaya ta kalle ni, har awarwaronta suka daina ƙara. Ni kaina na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban janye ba.

Sai muka ji sallama daga bakin ƙofar falo. Rediyo ne a tsaye, ƙafafun kyamarata a kafaɗarsa, na manta su a but ɗin mota. Daga yadda ya kasa haɗa ido da kowa na san ba yanzu ya iso ba. Baba ya ce ya shigo. Ya cire takalmi, ya jingine kayan a bango, ya durƙusa a gefen kafet.

"Ka ji abin da yayata ta ce a kanka, ka kuma ji abin da 'yata ta ce," in ji Baba. "Ba zan yi maka kwana-kwana ba. In na ba ka ita, kyamarar nan fa?"

Ya ɗago ya ce, "Baba, ni da farko Gwaggo ce ta nuna mini ita, na ga yarinya mai hankali na ce to. Amma wadda na gani yau ta fito daga rumfar nan, ita nake roƙo a ba ni. In aka karɓe kyamarar ba ita aka ba ni ba."

Mama ta sa gefen mayafi a ido. Ni ban san inda zan sa kaina ba. Gwaggo ta ja tsaki, ta buɗe jakarta mai sarƙa ta fara neman waya.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Magana ce mai kyau. Mahaifiyarka ta san da ita?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta sani ba tukuna, Baba."

"Za ta sani yanzu," in ji Gwaggo, ta danna kira ta sa a sifika ta ajiye wayar a kan tebur a tsakiyarmu.

Wayar ta fara ringi. Ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi, ba wanda ya motsa. Abin da na faɗa na riga na faɗa a gaban Baba, shi ma ya faɗi nasa, kuma ba ɗayanmu da ke da niyyar mayar da shi ciki. A ringi na uku aka ɗauka, wata murya mai sanyi ta yi sallama, ta ce, "Aminiya, ya aka ji da surukar tawa, ta ajiye abin hoton?"

Gwaggo ta buɗe baki, amma shi ya riga ta. Ya matso da gwiwoyinsa har gaban tebur, ya ce, "Umma, ni ne. Ba za ta ajiye ba, kuma ni ne ba na so ta ajiye."